Auduga a Bakin Igwa: Tarihin Hayaƙin da Ba Ya Tashi

A garin Kulmbach da ke jihar Bavariya ta Jamus akwai wata tsohuwar fada a kan tudu mai suna Plassenburg. A cikinta ne aka tara mutum-mutumin kuza fiye da 300,000, sojoji da dawaki da fararen hula, yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Mafi girman abin kallo a gidan shi ne wani makeken dandali da aka jera mutum-mutumi 19,385 a kansa, domin a nuna yadda aka ƙone garin a ranar 26 ga Nuwamba, 1553. Irin wannan aiki shi ake kira dayorama, wato a ɗauki wani lokaci guda na tarihi, a ƙanƙanta shi, a tsayar da shi cak a kan tebur ko cikin akwatin gilashi.

Kusan duk abin da ke fagen fama yana da jikin da za a iya zubawa. Ana zuba soja, a zuba doki, a zuba igwa da ƙafafunta, har tuta ma ana lanƙwasa ta kamar iska na kaɗa ta. Hayaƙi ne kaɗai ya gagari maƙeri. Ga shi kuwa, tsawon ƙarnoni da dama, babu abin da ya cika filin daga a Turai kamar hayaƙin albarushi. Igwar da aka ɗora a tebur babu hayaƙi a bakinta, ko da 'yan igwa goma sun kewaye ta, kallon ajiyayya ake yi mata. Saboda haka masu wannan sana'a suka nemi mafita, suka kuma same ta a wurin auduga. Wani abin mamaki a tarihin nan shi ne, audugar da ke mayar da hayaƙi kan tebur ita ce ta kore shi daga fagen fama na gaskiya.

Baƙin albarushi, farin hayaƙi

Tsohon albarushi, wanda aka fara haɗawa a ƙasar Sin wajen ƙarni na 9, abu uku ne a cikinsa. A haɗin da sojojin Turai suka tsaya a kansa daga baya, gishirin fotasiyam naitiret yana ɗaukar kashi 75 cikin 100, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Garinsa baƙi ne, amma hayaƙinsa fari ne mai ɗan ratsin toka. Dalilin haka yana cikin yadda yake ƙonewa. Abin da ke zama iska mai tura harsashi bai kai rabin nauyinsa ba. Fiye da rabi yana fita ne a matsayin ƙurar gishiri mai laushi, wani ɓangare ya manne a cikin bututun bindiga, saura ya bazu a sarari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya san wannan hayaƙi: fari ne, mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma idan babu iska sai ya yi zamansa.

Sai mai karatu ya auna wannan da yaƙi. Babbar igwar filin daga ta Faransa a zamanin Napoliyon, mai jefa dunƙulen ƙarfe na kusan kilo 6, tana cin albarushi kusan kilo 2 a harbi ɗaya. A yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yuni, 1815, igwogin Napoliyon da na Wellington sun tasam ma 400 idan aka haɗa, ban da dubun-dubatar bindigogin sojan ƙasa, duk a filin da faɗinsa kimanin kilomita 4 ne. Ga shi an kwana ana tafka ruwa, ƙasa ta jiƙe, iska ta yi nauyi. A wuraren da wuta ta fi tsananta, soja kan kasa ganin abin da ya wuce 'yan taku a gabansa. Sau da yawa walƙiyar bakin bindiga ce kawai ke nuna masa inda abokin gaba yake.

Wannan duhu na daga cikin dalilan da suka sa yaƙin wancan zamani ya ɗauki kamannin da aka san shi da su. Jar rigar Ingila da shuɗiyar Faransa da farar Ostiriya suna taimaka wa kwamanda ya bambance nasa da na wani idan hayaƙi ya ɗan yaye. Manyan tutoci suna nuna wa wanda ya ɓace inda rundunarsa take. Ganga da begila suna isar da umarni inda ido ya kasa. Ɓoye kai kuwa ba shi da wani amfani sosai, tunda harbin farko zai tona asirin mai harbi.

Abin da Siborne ya gani, wanda babu soja da ya gani

A shekarar 1830 aka ɗora wa wani hafsan sojan Birtaniya mai suna William Siborne aikin ƙera ƙaramin filin Waterloo. Mutum ne gwanin auna ƙasa. Ya tare a gonar La Haye Sainte, a tsakiyar filin, ya shafe wata 8 yana aune-aune. Daga nan ya rubuta wa hafsoshin da suka halarci yaƙin, yana tambayar kowa inda rundunarsa take da misalin ƙarfe 7 na yamma, lokacin da dakarun fadar Napoliyon suka kai farmakin ƙarshe. Ya sami amsoshi wajen 700. Amsoshin sun yi ta saɓa wa juna, kuma hayaƙi na cikin uzurin da masu amsar suka riƙa kawowa. Shi kansa Wellington tun 1815 ya kamanta rubuta tarihin yaƙi da rubuta tarihin daren rawa, inda kowa ke tuna ɗan abin da ya faru kusa da shi, amma babu mai iya jera yadda abubuwa suka biyo juna.

Siborne bai karaya ba. Gwamnati ta janye kuɗinta a tsakiyar aiki, ya ci bashi ya ƙarasa. A 1838 aka baje aikin a zauren Egyptian Hall da ke Landan, ɗauke da 'yan sojoji fiye da 70,000, jama'a na biyan sule ɗaya su shiga kallo. Nan rigima ta taso. Siborne ya jera dakarun Furusiya, masarautar Jamusawa da ta kawo wa Wellington ɗauki, suna tsakiyar fafatawa a gefen gabas na filin tun kafin Faransawa su karye. Wannan bai yi wa Wellington da mutanensa daɗi ba, domin yana rage wa Birtaniya kason nasara. Daga baya Siborne, da bashi ya yi masa katutu, ya kwashe yawancin 'yan sojojin Furusiyan daga kan dandalin. Har yau aikin yana nan a gidan tarihin sojan Birtaniya da ke unguwar Chelsea.

Darasin Siborne ya shafi duk mai jera soja a tebur. Mai kallon dayorama yana tsaye ne a sama, yana ganin kowace runduna tsaf, a daidai lokacin da janar-janar ɗin da ke filin ba sa ganin ko rabinsa. Duk abin da aka saka da duk abin da aka cire magana ce a kan tarihi. Hayaƙi ma haka yake.

Yadda auduga ta share fili

A 1846 wani masanin sinadarai a jami'ar Basel ta Suwizalan, Christian Friedrich Schönbein, ya bayyana cewa idan aka jiƙa auduga da haɗin ruwan asid na naitirik da na salfiyurik, aka wanke ta, aka shanya, kamanninta ba sa canjawa, amma da ta haɗu da wuta sai ta ƙone ƙurmus cikin ƙiftawar ido, kusan babu toka babu hayaƙi. Sojoji suka yi murna, sai dai murnar ta koma ciki. Audugar bindiga, kamar yadda aka kira ta, ta cika zafin rai. A 1847 masana'antar da ke yin ta a Faversham ta Ingila ta tarwatse, mutane kimanin 20 suka hallaka. Ko a cikin bindiga ma, saurin ƙonewarta kan fasa bututu.

Sai da aka shafe kusan shekara 40 kafin a lallashe ta. A 1865 Frederick Abel ya gano yadda za a niƙa ta a wanke ragowar asid ɗin da ke sa ta tashi da kanta. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya narkar da ita da haɗin ita da barasa, ta zama kamar ƙullu, ya murza ta ya yanka ƙanana, ta koma tana ci a hankali daga baya zuwa ciki. Wannan shi ne albarushin da aka sa wa suna Poudre B, kuma bindigar Lebel ta 1886 ce ta farko da wata runduna ta ɗauka don amfani da shi. Alfred Nobel ya fito da nasa a 1887, Birtaniya ta biyo da kodayit a 1889.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Ranar 1 ga Yuli, 1898, a kusa da tudun San Juan na Kyuba, igwogin Amurka masu tsohon albarushi suka buɗe wuta. Hayaƙi fid da na kogo: farin gajimaren da ya tashi ya nuna wa 'yan igwar Sifen daidai inda za su auna, alhali su bindigoginsu ba sa nuna inda suke. A 1899 sojojin Birtaniya suka gamu da irin haka a Colenso ta Afirka ta Kudu, inda Turawan Bowa suka yi ta zubar da su daga ramukan da ba a gani. Daga nan launi ya zama haɗari. Birtaniya ta mayar da kaki tufafin fagen fama na dukan sojanta a 1902. Faransa ta riƙe jan wando har 1914, ta kuma biya farashi mai tsada kafin ta sauya.

Sojan wasa ya iso, hayaƙi na tafiya

Ƙananan sojoji tsofaffi ne. A kabarin Mesehti, wani gwamnan Asyut na tsohuwar Masar, an sami rukuni biyu na sojojin katako, 40 masu māsu da 40 maharba 'yan Nubiya, masu shekara kusan 4,000. Amma sojan wasa na kasuwa ya bunƙasa ne a Nuremberg, inda iyalin Hilpert a ƙarni na 18, sannan kamfanin Heinrichsen daga 1839, suka riƙa zuba sojoji shafaffu masu fuska biyu. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba dalma a juye ta kafin cikinta ya daskare, soja ya fito da rami a ciki, mara nauyi, mai araha. Tsayinsa, milimita 54, ya zama ma'aunin da ake bi har yau.

A lura da shekarun. Sojan dalma ya shiga gidajen talakawan Ingila ne shekara 4 kacal bayan kodayit. Yayin da sojan gaske ke tuɓe jar riga yana shiga rami, na wasa ya ci gaba da tsayawa ƙyam cikin ja da shuɗi. Tun daga haihuwarsa, wannan sha'awa tana waiwayen zamanin da ya shuɗe, kuma zamanin hayaƙi ne.

Igwogin wasa na farko sun fi damuwa da harbi fiye da kamanni. Igwar jirgin ruwa mai inci 4.7 da Britain ya ƙera, kwaikwayon wadda aka yi yaƙin Bowa da ita, tana cilla ɗan guntun katako da ƙarfin sifirin. Da ita marubuci H. G. Wells ya kafa dokokin wasan yaƙi a littafinsa Little Wars na 1913, inda manyan mutane ke rarrafe a ƙasa suna kayar da sojojin juna. A shekarun 1930 kamfanonin Jamus irin su Hausser da Lineol sun yi igwogi masu cin ɗan fatakar takarda, su yi ƙara, su fitar da ɗan siririn hayaƙi. Wannan ya ishi yaro. Bai ishi babban da ke son akwatin gilashinsa ya nuna lokacin harbi har abada ba. Da Britain ya daina sojojin dalma na yara a 1966, roba ta gaje kasuwar wasa, sojan ƙarfe ya koma hannun masu tarawa da masu ƙera dayorama, tambayar hayaƙi ta zama tasu.

Sana'ar tsayar da hayaƙi

Wanda bai ƙware ba yakan ɗauki curin auduga ya danna a bakin igwa, sai ta fito kamar an ɗora mata fura. Gwanaye suna farawa ne da tsefe audugar har ta yi shara-shara, kamar yadda masu kaɗi ke shiɓe ta kafin su ɗora a mazari, domin hayaƙi yana barin haske ya ratsa gefunansa. Da yawa a yau sun koma ga zaren roba da ake cusa wa matashin kai, saboda auduga tana shan laima, tana kwantawa, tana yin ja-ja-ja idan ta daɗe. Wasu na amfani da audugar rimi. Idan baƙin hayaƙin gobara ake so, soson ƙarfe mai laushi yana yi.

Sai ƙashin baya. Ana zura siririyar waya a bakin igwa, a naɗa zaren a jikinta, ya yi siriri a bakin bututu ya riƙa buɗewa gaba kamar mazurari, don hayaƙin harbi gaba yake fita da ƙarfi kafin ya dunƙule ya fara hawa. Fenti kuwa feshi ake yi daga nesa, kaɗan-kaɗan, domin burushi yana liƙe zaren ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Rawaya da ruwan lemo a daf da baki, fari a jiki, toka-toka a ƙasa inda inuwa take. Wasu na ɓoye ƙaramar fitilar LED a ciki don walƙiya. Tsohon ƙwan lantarki mai zafi kusa da auduga neman gobara ne.

Bayan hannu sai ilimi, kuma a nan ne ake gane wanda ya karanta tarihi. Igwar da ake durawa ta baki tana da ɗan rami a bayanta inda ake sa wuta, kuma idan ta tashi wani siririn hayaƙi yana tsirgawa sama ta wannan rami. Igwogin da suka gabaci samfurin Faransa mai milimita 75 na 1897 gaba ɗayansu suke zabura baya a kowane harbi, don haka 'yan igwa suna kaucewa gefe, kuma mai sandar dura ba ya tsayawa a bakin bututu. Iska ɗaya ce ke kaɗa tuta da hayaƙi, dole su fuskanci waje guda. Idan igwogi shida ne a jere, ba a lokaci ɗaya suka tashi ba: hayaƙin wannan sabo ne mai kauri, na waccan ya yi nisa ya fara yagewa.

Launi kuma kamar kwanan wata yake. Baƙar auduga a bakin igwar Napoliyon kuskure ne da fina-finai suka koyar. A Waterloo baƙin hayaƙi na gine-ginen gonar Hougoumont ne da suka kama wuta. Harsashin lidayit na yaƙin Bowa rawaya yake fashewa. Manyan bama-baman Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya baƙi ƙirin suke tashi, har sojojin Birtaniya suka laƙaba musu sunan ɗan damben Amurka Jack Johnson. Wani lokaci ma rashin hayaƙin ne hujja. A yaƙin Omdurman na Sudan, ranar 2 ga Satumba, 1898, rundunonin Birtaniya na riƙe da bindigogin Lee-Metford masu kodayit, na Masar da Sudan da ke sahu ɗaya da su kuma na riƙe da Martini-Henry masu tsohon albarushi. Mai kwatanta wannan sahu da gaskiya zai lulluɓe wani sashe da fari ya bar wani kusan tas, kuma mai kallo mai lura zai karanta wa aka ba sabon makami, wa aka bar wa tsoho.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a yi amfani da hayaƙi na gaske? An gwada. Tun 1946 kamfanin Lionel na Amurka ya fito da jiragen ƙasa na wasa masu hayaƙi, kuma har yanzu ana sayar da ƙananan na'urori masu ɗumama mai ya zama tururi. Matsalar ita ce hayaƙi ba ya ƙanƙancewa. Ana iya rage soja sau 32, amma abin da ke fita daga ɗan ƙaramin bututu zare ne siriri mai miƙewa sama kamar na turaren tsinke, ya tona ƙanƙantar komai da ke kewaye da shi. Ga maiƙon da ke sauka kan fenti yana tara ƙura. Audugar da ba ta motsi ta fi shi yaudarar ido.

Nawa ne ya isa?

Saura tambayar da ba ta da amsa ɗaya. A ma'aunin milimita 54, gajimaren da ya kai mita 10 a filin gaske zai zama santimita 31 a tebur, ya fi igwar tsawo nesa ba kusa ba. Wannan harbi ɗaya ke nan. Idan aka ce a kwatanta Waterloo da ƙarfe 7 na yamma yadda take, bayan sa'o'i 7 ana wuta, sai a shimfiɗa bargon auduga a kan dandalin, sojojin da aka yi watanni ana fentin maɓallansu su ɓace a ƙarƙashi. Babu mai yin haka. Kowane mai dayorama yana rage hayaƙi da gangan, ya bar ɗan abin da zai nuna an yi harbi, ya cire wanda zai hana kallo.

Wannan rangwame yana da farashi, musamman a gidajen tarihi, inda ɗalibi ke ɗaukar abin da ya gani a matsayin abin da ya faru. Filin da ke sarari yana koyar da cewa janar yana ganin komai, yana motsa runduna kamar mai wasan dara, kuma wanda ya yi kuskure wauta ce ta ja masa. Bayanan waɗanda suka tsaya cikin hayaƙin suna nuna akasin haka: rundunonin ɓangare ɗaya sun harbi juna, manzanni sun ɓata, kwamandoji sun yanke hukunci kan ƙarar da suka ji. Shi ya sa ƙwararru a wannan fanni kan zaɓi dakikar harbin farko, lokacin da fili bai riga ya rufe ba, ko kuma su bar wani lungu na dandalin ya nutse cikin fari, kawunan mashin bindiga da saman tuta kaɗai ke leƙowa. A wannan lungu ne mai kallo ke samun ɗan rabonsa daga abin da hafsoshin Siborne suka kasa bayyana masa a wasiƙu 700.